Yadda Ake Zuba Harsashin Dalma Don Baƙin Albarushi da Gasar Harbin Kaboyi

Gasar harbin kaboyi a Amurka, wadda ƙungiyar SASS (Single Action Shooting Society) ke shirya wa dokoki tun kafuwarta a 1987, ana yin ta ne da bindigogi samfurin ƙarshen ƙarni na 19, ana harbin farantan ƙarfe daga kusa. Dokar gasar ba ta yarda da harsashi mai rigar jan ƙarfe ba, sai na dalma marar riga, kuma gudunsa kada ya kai ƙafa 1,000 a daƙiƙa a libarba, ko 1,400 a doguwar bindiga. Shi ya sa mahalarta da yawa ke zuba nasu, musamman masu harba baƙin albarushi, wanda harsashin kanti mai tauri bai dace da shi ba.

A fara da haɗin dalmar, don a nan aka fi kuskure. Baƙin albarushi yana son harsashi mai laushi, wanda gindinsa zai buɗe da bugun farko ya toshe bututun bindiga. Ga libarba ta tsohon yayi da ake ɗura wa dunƙulen dalma ta gaba, dalma tsantsa ake so, ba gauraye. Mai lamba .44 galibi tana cin dunƙule mai faɗin inci .454, kuma idan aka danna shi ya kamata bakin ramin ya aske masa siririn zobe, alamar ya toshe sosai. Ga harsashin da za a sa a kwanso kuwa, kashi 20 na dalma da kashi 1 na kuza ya isa, wasu ma 30 da 1 suke yi. Amfanin kuzar shi ne ta sa narkakkiyar dalma ta cika kowane lungu na mazubi. Tauri kaɗan take ƙarawa.

Masu tattara dalmar da ake maƙala wa ƙafar mota su yi hattara. Ta yanzu da yawa tutiya ce, kuma ƙwaya ɗaya idan ta narke a tukunya sai haɗin ya yi gudaji, ya ƙi cika mazubi. Dalma na narkewa a digiri 327 na Salshiyas, tutiya sai wajen 420. Saboda haka a riƙe wuta ƙasa da 370 a narkarwar farko, duk abin da ya taso sama bai narke ba a kwashe a zubar.

Wurin aiki ya zama a sarari ko inda iska ke ratsawa, da tabarau, da safar hannu ta fata, da riga mai dogon hannu ta auduga. Ba ci, ba sha, ba taba, kuma a wanke hannu da sabulu in an gama, don gubar dalma ta baki ta fi shiga jiki, yara kuma ta fi yi wa illa. Babban haɗari shi ne ruwa. Ɗigo ɗaya da ya nutse ƙarƙashin narkakkiyar dalma zai zama tururi nan take ya watso tukunyar gaba ɗaya. Duk sandar dalma ko ludayin da za a tsoma, a ɗumama shi tukuna a bakin tukunya. Albarushi kuwa kada ya kasance a ɗakin sam.

Idan ta narke, a kai zafin tsakanin 370 da 400, a jefa kakin zuma kamar ƙwayar wake ko ɗan garin katako busasshe, a juya har ƙasa, a kwashe dattin da ya taso. Kada a yi gaggawar kwashe farin saman kafin a juya, kuzarka ce za ka zubar.

Sabon mazubi, na alminiyon irin na kamfanin Lee ko na ƙarfe irin na kamfanin Lyman, yana zuwa da mai a jikinsa. A wanke ramukan da sabulu da burushi, a busar sarai, a ɗora shi gefen tukunya ya ɗauki zafi. A zuba da zubi ɗaya ba yankewa, a bar ɗan tudu a saman murfin mazubin, wato farantin da ake zubawa ta hujinsa, domin dalma na tsukewa in tana hucewa, daga tudun take jan ciko. A jira launin tudun ya dushe, daƙiƙa kaɗan ke nan, a bugi murfin da sandar katako ya yanke shi, a buɗe a saki harsashin kan tawul busasshe. In ya maƙale, a bugi mahaɗin hannun, ba jikin mazubin ba. Kada a jefa shi cikin ruwa kamar yadda masu neman tauri ke yi.

Harsashin da kansa zai faɗa maka abin da ke faruwa. Yamutsewa a jiki ko gefuna marasa kaifi, mazubi bai yi zafi ba ko akwai sauran mai. Fari-fari kamar an barbaɗa gari, zafi ya yi yawa, a rage sauri. Siririn fiffike a tsawonsa, wani ɗigon dalma ya hana mazubi rufewa. Dalma ta shafe ƙarƙashin murfi, an yanke da wuri. Aibin da ba a yafewa shi ne na gindi: in gefen gindin bai fito da kaifi zagaye ɗaya ba, iskar albarushi za ta fi fita ta gefe guda, harsashin ya kauce. A mayar da shi tukunya. Sauran a auna su, na samfurin .45 Colt mai nauyin giren 250 wajen giram 16 ke nan, a ware duk wanda ya gaza 'yan uwansa da fiye da giren ɗaya ko biyu, don akwai rami a cikinsa.

Faɗi kuma a daidaita shi da bindigar, inci .001 sama da faɗin tsagogin bututu: galibi .452 ga .45 Colt ta zamani, .358 ga .38 Special. Harsashin da ya yi wa bututu kaɗan shi ke shafe masa dalma. Ga doguwar bindiga mai jera harsasai baki da gindi, a zaɓi mazubi mai shimfiɗaɗɗen kai, kada tsinin wani ya daki maƙyastin na gabansa, wato ɗan abin da ke gindin kwanso mai kunna albarushi.

Man shafawa ya cancanci kulawa fiye da yadda ake ba shi. Fiye da rabin baƙin albarushi ba ya zama iska, toka yake bari, kuma man da aka samo daga fetur in ya haɗu da tokar sai ta daskare kamar kwalta. Ana so mai laushi: kakin zuma da kitsen tunkiya rabi da rabi, a ƙara ɗan man zaitun lokacin sanyi. A jera harsasan a tsaye cikin faranti, a zuba narkakken man har ya rufe tsagar jikinsu, a bari ya daskare, a turo su da yatsa. A nemi mazubi mai tsaga ɗaya mai faɗi da zurfi. In bakin bututu ya fito da danshin mai bayan harbi, man ya isa. In ya bushe ƙamas, ya ƙare a hanya.

Wajen ɗurawa, adadin albarushi daga littafin kamfanin da ya yi shi ake ɗauka, kuma ma'aunin baƙin albarushi ba ya aiki ga albarushin zamani ko kusa. A auna da ma'auni na tagulla, kuma kada a bar sarari tsakanin albarushi da gindin harsashi, ya zauna a kansa ya ɗan danne shi. Kwanson da aka harba a jefa shi cikin ruwan sabulu tun a filin gasa, a cire maƙyastin, a wanke, a busar, in ba haka ba tokar za ta ci tagullar cikin kwana kaɗan.