Yadda ake daidaita tsawon tseren taswira tsakanin maza, mata da dattawa

Duk sabon mai shirya tseren taswira da na gani a nan Katsina, tuntuɓensa na farko iri ɗaya ne. Zai zauna da biro ya zana wa samari hanya mai kilomita 6, ya ce 'yan mata a ba su 4, yara 2, dattawa kuwa su bi ta samari a hankali, ai ba sauri ake ba. Ka tambaye shi inda ya samo waɗannan lambobi, sai ya ce haka ya ga ya dace. Ni ma da haka na fara, kuma na sha kunya a gaban ɗalibaina.

Ga wanda bai san wasan ba, ana ba mutum taswira da kamfas, a sallame shi shi kaɗai ya nemo tutoci masu launin fari da ruwan lemo da aka kafa cikin daji ko cikin gari, bi da bi yadda aka jera su. Wanda ya gama cikin lokaci mafi ƙanƙanta shi ya ci. Sojojin Suwidin ne suka faro shi a ƙarshen ƙarni na 19, aka yi gasar farko ta jama'ar gari a Norwe a 1897. Ni da 'yan sikawut da ɗaliban sakandare nake yin sa, sai wasu tsofaffin ma'aikata da suka ɗanɗana suka ƙi bari.

Mataki na farko, ka ajiye maganar kilomita, ka tsayar da minti. Abin da za ka yanke shi ne minti nawa gwanin kowane rukuni zai yi a hanya. Haka hukumar wasan ta duniya, IOF, wadda aka kafa a 1961, take tsara gasanninta. Gajeren tseren cikin gari, mai nasara ya gama tsakanin minti 12 da 15. Matsakaici, minti 30 zuwa 35, mace ko namiji. A dogon zango ne aka daɗe ana bambantawa, maza minti 90 zuwa 100, mata 70 zuwa 80, sai a 'yan shekarun nan aka mayar da kowa wajen minti 90. Ka lura ba a ce su yi tsawon hanya ɗaya ba. Hanyar mata ta fi ta maza gajarta har yanzu, amma daɗewar da za a yi ana fama da taswira ɗaya ce. Masu tseren ƙetare daji na duniya sun bi wata hanyar daban: a Kampala a 2017 suka ba maza da mata kilomita 10 kowa, bayan a da maza na yin 12, mata 8. Wannan ya yi musu, domin su hanya a shimfiɗe take, an kewaye ta da igiya. Namu wasan rabinsa a ƙwaƙwalwa yake, kuma ƙwaƙwalwa da minti take gajiya.

Ga yadda nake rabawa, kuma ba na son a yi mini gardama a kai. 'Yan shekara 12 zuwa ƙasa, minti 20. Daga 13 zuwa 16, minti 30. Daga 17 zuwa 49, minti 40. Daga 50 zuwa sama, minti 35. A kowane rukunin shekaru, mace da namiji lokacinsu ɗaya. Turawa suna tsinka rukunan ƙanana, 10, 12, 14, 16, 18, 20, 21, sannan daga 35 a riƙa tsallen shekara biyar-biyar, amma su mutane ɗaruruwa ke zuwa musu. Kai da ke da mutum arba'in, in ka yi haka kowa shi kaɗai ne a rukuninsa, kowa ya zo na ɗaya. Minti 90 kuwa ka bar wa masu ƙanƙara. A Katsina ko cikin hunturu ne, rana na ɗagawa ta kai ƙarfe goma an gama magana.

Mataki na biyu shi ne inda na faɗi, don haka a nan zan daɗe.

Shekarar da na fara, na auna hanya da ƙafata, da sassafe, ni kaɗai, alhali ni na kafa tutocin kuma na san inda kowace take. Na ba samari mai tsawo, na yanke wa 'yan mata kashi ɗaya cikin uku, kuma don tausayi na kafa musu tutocinsu duk a bakin turba, inda ko makaho zai laluba ya samu. Ranar tsere, ta farkonsu ta dawo cikin minti 19, ko gumin kirki ba ta yi ba. Na farko a samari sai da ya kusa minti 50. Yarinyar ta tsaya gabana tana karkaɗe karangiya daga gefen hijabinta, ta ce, "Malam, shi ke nan an gama? Mu aike aka yi mana, su ne aka ba tsere?" Ban sami amsa ba. Dattawa uku kuwa da na tura hanyar samari, na ƙarshensu sai da muka aika yaro da keke ya tarye shi, ya same shi zaune gindin wata kuka ya cire takalmi. Da na je ba shi haƙuri na ce, "Baba, a gafarce ni," sai ya ce, "Ɗana, tutocinka duk na san inda suke, ƙafa ce ta ƙi."

Maganin wannan gwaji ne, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai. Mako biyu kafin tsere, ka zana ƙaramar hanya mai kilomita ɗaya da rabi, da tuta huɗu, a irin ƙasar da za a yi tseren amma ba a wurin kansa ba. Ka ɗauko mutum biyu ko uku mafi ƙwazo daga kowane rukuni. Mafi ƙwazo na ce, domin lokacin mai nasara kake nema. Kada wanda ya ga inda aka kafa tuta ya shiga gwajin, har da kai. Ka sallame su ɗaya bayan ɗaya, minti biyu tsakani, ka riƙe agogon wayarka. Wanda ya ɓata hanya sosai, ka jefar da lokacinsa, ɓata ba gudu ba ne.

Sai lissafi, kuma bai wuce na aji huɗu ba. A ce saurayin da ya fi kowa ya yi minti 9, wato minti 6 ke nan a kowace kilomita. Raba 40 da 6, ka sami kilomita 6.7. Budurwar da ta fi kowa ta yi minti 11 da daƙiƙa 15, minti 7 da rabi a kilomita, raba 40 da 7.5, ka sami 5.3. Dattijo ya yi minti 13 da rabi, minti 9 a kilomita, raba 35 da 9, ka sami 3.9. Daga kowace ka zaftare kashi ɗaya cikin goma, domin wanda ya yi gudun minti 9 da ƙarfinsa ba zai riƙe wannan saurin har minti 40 ba. Waɗannan lambobi misali ne kawai na bayar, kada wani ya kwafe su ya ce Malam ya ce. Naka filin ne zai ba ka naka.

Akwai masu wayo da ke cewa me ya sa za a wahala, ai an san tazarar gudun mace da namiji. Gaskiya ne a filin tsere ta kai kamar kashi 10 cikin 100: bajintar duniya ta mita 10,000 ta maza minti 26 da daƙiƙa 11 ce, wadda Joshua Cheptegei na Yuganda ya kafa a 2020, ta mata kuma minti 28 da daƙiƙa 54, ta Beatrice Chebet ta Kenya a 2024. To amma wannan a kan shimfiɗaɗɗen fili ne irin na filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Katsina, ba kunyar gero ba. Ka sa mutum ya ratsa gonar da aka girbe, yana tsallaken kunya-kunya, kututturen kara na jiran ƙafarsa, rairayi na cinye takunsa, za ka ga tazarar ta buɗe. Ga kuma sutura. Yarinya mai dogon wando da hijabi in ta faɗa cikin karangiya dole ta tsaya ta cire, yaro mai gajeren wando ya wuce yana sosa ƙwauri. Shi ya sa nake cewa a yi gwajin da irin kayan da za a sa ranar tsere, a kuma irin lokacin. Gwajin ƙarfe bakwai na safe a watan Disamba ba zai yi maka aiki a watan Maris ba. Kuma in ka sami wata da ta fi samarinka gudu, kada ka yi mamaki, kada kuma ka hana ta. Ƙa'idar wasan ta yarda mace ta shiga rukunin maza in ta ga dama.

Mataki na uku, aunawa a kan taswira. Tsawon hanya ana auna shi ne a miƙe, daga alwatikan da ke nuna wurin farawa a taswira zuwa da'irar da ke nuna tuta ta ɗaya, zuwa ta biyu, har da'ira mai ninki biyu ta ƙarshe, sai dai inda akwai abin da ba a iya ratsawa, kamar katanga ko kududdufi mai ruwa, nan sai ka kewaya da awonka. A taswira mai ma'aunin 1:10,000, santimita ɗaya mita 100 ce, don haka hanya mai kilomita 4.8 santimita 48 ce. Zare da rula sun isa. Mai kwamfuta ya sauke manhajar zana hanya mai suna Purple Pen, kyauta ce, tana ja maka layi tana faɗa maka tsawo nan take. OCAD ta fi ta kayan aiki amma da kuɗi, kuma ban ga abin da za ta ƙara wa mai tuta goma sha biyu ba. Hawa ma yana shiga lissafi. 'Yan Birtaniya suna ɗaukar kowace mita 10 ta hawa a matsayin mita 100 ta tafiya. A kewayen birnin Katsina wannan bai cika damun mu ba, ƙasar a kwance take, sai dai kwazazzabai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Wanda zai yi wajen Dutsin-ma inda duwatsu suke, dole ya ƙirga.

Mataki na huɗu shi ne rabin maganar da Baba ya gaya mini gindin kuka. Rage tsawo daban, rage wuya daban. Mata manya da dattawa, hanya gajera ake ba su amma mai wuyar nema daidai da ta samari: tuta a cikin ɗan kwari, bayan dunƙulen sabara, gindin aduwa ɗaya cikin biyar masu kama da juna, inda sai ka karanta taswira ka daidaita kamfas za ka faɗa kanta. A bar musu aƙalla zango ɗaya mai tsawo da za su zaɓa da kansu, ko su ratsa gona a miƙe ko su kewaya ta turba. Abin da za ka cire wa dattawa shi ne tsallaken kwazazzabo da hawan tsohuwar ganuwa, ba tunani ba. Ka kuma buga musu taswirar da girma, 1:7,500, domin ido ya fara gajiya. Ƙarin kuɗin bugawa kaɗan ne, in mai shagon ya ce takardar ba za ta ɗauka ba, ka yanke gefen da hanyarsu ba ta bi. Yara ne kaɗai ake sauƙaƙa wa, tutarsu a mahaɗar turba, bakin rijiya, kusurwar shinge, kusa da kusa. 'Yan ƙasa da shekara 12 bibbiyu nake sallamarsu, iyaye mata ba sa yarda da ƙasa da haka, kuma suna da gaskiya.

Sauran aikin sananne ne. Kada tutar farko ta zama ɗaya ga dukan rukunai, in ba haka ba jerin gwano za su yi, mai baya ya bi ƙurar mai gaba ya manta da taswira. Tuta ta ƙarshe a iya haɗa kowa. Ka je wurin mai unguwa ko dagaci tun da wuri, ka gaida masu gonaki, kuma kada ka kuskura ka sa tsere kafin a gama ɗaure amfanin gona. Tela zai ɗinka maka tuta, santimita 30 kowane gefe, fuska uku. In ba ka da abin huda kati, wanda mai tsere ke huda katinsa da shi a kowace tuta don shaidar ya isa wurin, ɗaura biro mai launi daban a kowace tuta, ka rubuta harafin da za su kwafa. Ruwa a tsakiyar hanyar duk wanda zai wuce minti 30. Ka fara sallamar dattawa da yara tun da sanyin safiya, samari a ƙarshe.

In an gama, rubuta lokacin mutum uku na farko a kowane rukuni cikin littafi ɗaya, da tsawon hanyarsu da watan da aka yi. Rukunin da gwaninsa ya kauce wa lokacin da ka tsayar da fiye da minti 5, gyara awonsa a tsere na gaba. Sannan ka tura samari biyu su kwaso tutoci kafin azahar, don na taɓa barin su kwana, washegari na tarar da uku a kan yaran makiyaya sun yi hula da su.