Kana son yawon daji? Ga yadda zai iya kai ka aikin muhalli da sulhu a ƙasar waje

Akwai matasa da yawa da in aka ambaci Yankari ko dausayin Hadejia-Nguru sai ka ga jikinsu na rawa, za su iya wuni a bakin fadama suna kallon tsuntsaye, a gida kuma ana ce musu marasa aikin yi. To wannan son fa yana kai mutum nesa, amma shi kaɗai ba ya sa a ɗauke ka aiki.

Fara da daina fita hannu rabbana. Wayarka ta isa ka fara. Sauke manhajar eBird ta tsuntsaye ko iNaturalist ta tsuntsaye da itatuwa, duk tsuntsu ko itacen da ka gani ka shigar da shi da rana da wuri, sannan ka koyi KoboToolbox na tattara bayanai da QGIS na zana taswira, dukkansu kyauta ne. Masu ɗaukar aiki ba ruwansu da ko kana son daji, abin da za su tambaya shi ne me ka taɓa ƙirgawa, wane rahoto ka rubuta.

Sai ɓangaren sulhu, kuma a ganina nan ne ɗan Arewa ya fi kowa samun dama amma ya fi kowa sakaci. Rikicin manoma da makiyaya ai rikicin muhalli ne, ruwa ya ja baya, an nome burtali, an toshe mashaya, kaka ta zo shanu sun faɗa gona. Ka nemi izini ka riƙa zama in dagaci da arɗo za su kimanta ɓarna, ka lura yadda ake zagaya gonar a ƙafa, a ƙiyasta damin dawa nawa aka ci, wa ke fara magana, wa ake bari ya huce kafin a kawo zancen diyya. Kar ka sa baki, rubutu kawai. Ko gaisuwar Fulatanci ka iya za ta buɗe maka ƙofa. Ba banza aka ba Wangari Maathai ta Kenya kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004 ba, alhali aikinta dashen itatuwa ne.

Faransanci kuma dole ne, don Nijar da Chadi da Kamaru da shi ake aikin ofis, Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964 ma a Njamena hedkwatarta take, haka shirin Babbar Ganuwar Itatuwa na Tarayyar Afirka yawancin ƙasashen da ya ratsa Faransanci suke yi.

In kana son ƙarin karatu akwai APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye da ke Jos, suna digiri na biyu kan kare halittu. Don fita waje kuwa, yi rajista a shafin 'yan sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNV, ka cike bayananka tsaf ka riƙa leƙawa. Ba a biyan ko sisi wajen rajistar, duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ɗan damfara ne.

Kuma don Allah a halin tsaron da ake ciki kar ka shiga daji kai kaɗai, bi ma'aikatan gandun daji. Fasfo da katin rigakafin shawara ka tanade su tun yanzu, a kan iyaka za a tambaye ka.