Yadda na tada tsohon moton Baba

Honda CG125 ne, samfurin da aka fara ƙerawa a 1975. Ya daɗe jingine a zaurenmu na Birni, har kaji sun mai da ƙarƙashinsa gida. Ni kuwa ban taɓa riƙe sifana ba.

Na canza buji da baƙin mai, ya tashi. Amma kafin in kai Kasuwar Dole sai ya yi tari ya mutu. Sau uku ina turo shi gida cikin rana. Na kwance karbirato na wanke, na tsaftace tanki da ya yi tsatsa ja wur, duk a banza.

Wani dattijon makaniki ya ce, "Yaro, in ya mutu, buɗe murfin tanki ka saurara." Na buɗe, sai na ji fuuu, iska ta shige. Ashe ɗan ramin da murfin ke shaƙar iska ne ƙura ta toshe, mai ya kasa sauka. Kwana goma ina wahala a kan abin da allurar Inna ta gyara!

Yanzu saura birkin baya, yana kuka kamar akuya.