Kurakuran da Masu Tasowa Kano da Iyali Suka Fi Yi Wajen Neman Gida da Sakandaren Kuɗi

Babban kuskuren shi ne a fara kama gida, sannan a shiga neman makaranta. Magidanci zai samu gida mai sauƙin haya a Rijiyar Zaki ko Ɗorayi, ya biya kuɗin shekara cif, daga baya ya gano makarantar da ta kwanta masa a rai tana Bompai ko Nassarawa GRA. Ke nan yaro zai keta gari sau biyu kullum. Tun da aka hana acaɓa a 2013, abin hawan talaka shi ne adaidaita sahu, kuma mai adaidaitan da zai riƙa kai yara yana ɗauko su, da nisa yake yanka kuɗin wata. Rangwamen da aka samu a haya sai ya zurare a hanya, ga yaro ya dawo a gajiye ya rasa Islamiyyar yamma. A tsayar da makaranta tukuna, sannan a nemi gida kusa da ita. Kafin a biya, a bi hanyar da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin, domin cunkoson Kabuga ko Kurna ba ya nuna kansa ranar Lahadi.

Sai ruɗuwa da gini. Fenti da doguwar katanga ba sa koyar da lissafi. A tambaya ko makarantar tana da rajista da hukumar jiha mai kula da makarantu masu zaman kansu. A 2022 gwamnatin Kano ta janye lasisinsu baki ɗaya don sake tantance su, saboda haka neman ganin takarda ba rashin kunya ba ne. A tambaya kuma ko ɗalibanta a nan suke zana WAEC da NECO, ko wata makaranta ake kai su. A leƙa ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, a duba littafin wani ɗalibi a ga ko malami yana gyarawa. Makarantar da ta ce ta lamunce maka ɗanka zai ci jarrabawa, ka yi nesa da ita. Yaron da aka rubuta wa amsa, JAMB da ajin farko na jami'a za su tona shi, kuma shi zai sha kunyar.

Lokacin tasowa ma ana sakaci da shi. Shekarar karatu a Satumba take farawa. Ɗan aji shida na sakandare kuwa, in da hali, a bar shi ya ƙarasa inda yake ko da a gidan ɗan'uwa ne, domin WAEC tana haɗawa da makin gwaje-gwajen da makaranta ta tara masa tun daga aji huɗu. Sauran yaran a taho musu da sakamakonsu da takardar canjin makaranta. Kuɗin zango kuma ba shi ne duka ba: a sa makarantar ta rubuto na rajista, yunifom, littattafai da mota.

A ɓangaren gida, kada a miƙa wa dillali kuɗi sai an ga mai gidan ido da ido, an rubuta yarjejeniya da shaidu, an karɓi rasit, an kuma yanke la'ada tun farko. Gaida mai unguwa yana da amfani, shi ya san gidan da ake rigimar gado a kansa.

Abin da dillali ba zai faɗa ba, maƙwabta za su faɗa. Akwai rijiyar burtsatse, ko da 'yan garuwa za a dogara? Akwai bashin kamfanin wutar lantarki na KEDCO a kan gidan? In da rani aka zo dubawa, a kalli gindin katanga, domin ruwan Agusta yana barin shaidarsa a jikin bango, a kuma tambayi mai shagon bakin layi inda ruwa yake tsayawa idan kwata ta cika.