Babi na Bakwai: Sayar da Gidan da Kotu Ta Sa wa Takunkumin Bashi

Darasi na 1: Takardar da aka liƙa a ƙofa

Iyayena da yayyena, a ɗauki biro, a karanta a hankali. Ba gaggawa muke yi ba.

Wani yana bin ka bashi, ya kai ka kotu, alƙali ya yanke hukunci cewa ka biya, kai kuma ba ka samu ka biya ba. Wannan hukunci shi kaɗai bai taɓa gidanka ba tukuna. Dokar Najeriya ta aiwatar da hukuncin kotu, a sashe na 44, ta ce sai an fara neman kayan da ake iya ɗauka, kamar mota, babur, injin niƙa ko kayan shago. Idan babu su, ko kuɗinsu bai kai bashin ba, sannan ne mai bin bashi zai roƙi kotu ta ba shi izinin taɓa gida ko fili. Idan kotun majistare ce ta yanke hukuncin, ba ita ke ba da wannan izini ba, sai Babbar Kotu. Kotunan Shari'ar Musulunci kuwa suna da nasu tsarin. In can aka yi shari'arku, can za ka je ka tambayi magatakarda.

Da an ba da izini, ma'aikacin kotu zai zo ya miƙa maka takarda, ya liƙa wata a ƙofar gida ko a jikin katanga. Abin da muke kira takunkumi a wannan babi ke nan. Kada ka yage ta, kada ka bar yara su yage ta. Yage takarda ba ya cire takunkumi, don asalinta tana cikin fayil a kotu. Daga ranar, duk cinikin da ka yi a kan gidan ba da izinin kotu ba, ɓatacce ne, ko da shaidu goma sun sa hannu, ko da mai unguwa ya buga hatimi. Kuma kotu tana iya ɗaukarsa a matsayin raina ta.

Yanzu ɗora yatsa a saman takardar. Layin farko sunan kotu ne. A ƙarƙashinsa, yawanci ta hannun dama, akwai haruffa da lambobi da 'yan sanduna a tsakaninsu, shekara tana ƙarshe. Wannan ita ce lambar ƙara. Kwafe ta a littafinka harafi-harafi, sau uku. Duk ofishin da za ka shiga, ita za a fara tambayar ka. Sai sunaye biyu: na sama mai ƙara, na ƙasa wanda aka yi ƙara. Duba ko sunanka ne daidai, duba lambar fili da sunan unguwa. In ka ga kuskure, nuna wa lauya tun ranar.

Kwanaki suna da muhimmanci. Ba a yin gwanjon gida sai bayan aƙalla kwana 15 da sa takunkumi. Wanda kuma ya ce ai ya ɗaukaka ƙara, ya sani ɗaukaka ƙara ba ta tsayar da gwanjo. Sai an roƙi kotu daban ta dakatar da aiwatar da hukuncin.

Darasi na 2: Nawa ake bin ka yau?

Kada ka dogara da adadin da ke cikin kanka. Je wurin magatakardan kotu da lambar ƙara, ka biya kuɗin kwafi, ka karɓi rasit, a ba ka kwafin hukunci mai hatimi. Sau da yawa alƙali yakan ɗora ƙarin kuɗi a kowace shekara har sai an biya, da kuma kuɗin ɗawainiyar shari'a. Ga misali, mu yi lissafinsa tare:

Bashi naira 4,500,000. Alƙali ya ce a ƙara kashi 10 cikin 100 duk shekara, wato 450,000. Shekara biyu sun wuce, ya zama 900,000. Kuɗin ɗawainiya da na aiwatarwa 200,000. Jimla 5,600,000.

Ƙirga sifiri da bakin biro. Miliyan ɗaya sifiri shida ne, dubu ɗari sifiri biyar. Masu koyo da yawa suna karanta 5,600,000 a matsayin 560,000, ba laifinsu ba ne, ido ne bai saba ba. Nemi inda aka rubuta adadin da kalmomi, ka gwada su biyun.

Idan za a sayi gidan naira 18,000,000, cire 5,600,000, cire la'adar dillali, a ce kashi 5 cikin 100, wato 900,000. Saura 11,500,000, kafin kuɗin lauya. Wannan shi ne naka. In kuma gidan yana jingine a banki, a sa kuɗin banki a lissafin tun yanzu.

Mai bin bashi yakan yarda da rangwame idan ya ga kuɗi a ƙasa, domin gwanjo yana ɗaukar lokaci kuma gida yakan faɗi ƙasa da darajarsa. Nemi rangwamen, ba abin kunya ba ne. Abin da kuka daidaita a kai, a rubuta, a sa ranar da za a biya.

Darasi na 3: Takardu uku

A nan ake faɗuwa, don haka a nan za mu daɗe.

Biyan bashi daban, cire takunkumi daban. A maimaita da ƙarfi: biyan bashi daban, cire takunkumi daban. Kotu ba ta san ka biya ba sai an kai mata a rubuce. Kotu ce ta ɗaura, kotu ce za ta kwance. Mai bin bashi ba ya kwancewa da baki, dillali ba ya kwancewa, mai unguwa ba ya kwancewa.

Da farko gaya wa mai saye gaskiya. Ko ka ɓoye, lauyansa zai gano. Ku zauna ku uku, kai da mai saye da mai bin bashi, kowa da lauyansa in da hali. A rubuta yarjejeniya cewa daga kuɗin gidan za a biya bashin, lauya ya kai ta kotu alƙali ya amince kafin a yi ciniki. Kafin, ba bayan ba. Daga nan mai saye ya tura kuɗin bashin ta banki kai tsaye zuwa asusun da aka rubuta a yarjejeniyar, ko a biya ta hannun kotu a karɓi rasit. Kada kuɗin ya kwana a hannunka, kada ya bi ta hannun ɗan aike. Kafin alƙalami in ya shiga gida, hidima takan cinye shi.

An biya. Saura takardu uku.

Ta farko, takardar da mai bin bashi ko lauyansa ya sa wa hannu cewa an biya shi duka, ba ya bin ka ko kwabo. Dole ta ƙunshi lambar ƙara, sunayenku biyu, adadin kuɗi da lamba da kalmomi, da kwanan wata. In rangwame aka yi, a rubuta cewa ya karɓi wannan adadi a madadin bashin gaba ɗaya. In babu wannan jimla, gobe zai iya cewa wani ɓangare ka biya. A karɓe ta a zaman da aka biya, kafin kowa ya sa takalmi. Wanda kuɗinsa ya shiga aljihu, nemansa wuya gare shi.

Ta biyu, umarnin kotu na janye takunkumin. Lauya ne zai shigar da takarda ta farko a kotu, ya roƙi alƙali ya janye. Kai kuma ka koma wurin magatakarda ka karɓi kwafin umarnin mai hatimi. Hoto a waya ba kwafi mai hatimi ba ne.

Ta uku, sakamakon sabon bincike daga ofishin filaye. A Kano KANGIS ne, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS. Idan an shigar da gargaɗin cewa akwai takunkumi a fayil ɗin gidanka, yana nan daram har sai ka kai musu umarnin kotu sun goge. Bayan sun goge, biya kuɗin bincike, a ba ka takarda da ke nuna fayil ya fita fes.

Mu sake. Takardar mai bin bashi, umarnin kotu, binciken ofishin filaye. Rufe littafi ka faɗa. Madalla. Wanda ya manta ta biyu, ba komai, ya sake daga farko, kowa da haka ya fara.

Amma zan faɗi wata magana, a yi mini haƙuri. Duk ajin da aka koyar da wannan darasi sai an sami mai cewa, "Malam, ai mutumin ɗan'uwa ne, mun yi musafaha a masallaci, ya ce ya yafe saura." Haba Alhaji! Ɗan'uwan nan ba shi ne ya kai ka kotu ba? In Allah ya yi masa rasuwa, magadansa musafaha za su gani ko fayil? Fayil za su gani, kuma fayil yana cewa ana bin ka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Mun faɗa, mun maimaita, amma a je a biya miliyoyi a dawo hannu rabbana, ko guntun rasit babu. Wannan sakaci ne, kuma iyali ne ke kwana a waje saboda shi.

Kuma kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Doka ta kare wanda bai iya karatu ba: wanda ya rubuta takardar dole ya sa sunansa da adireshinsa, a kuma nuna cewa an karanta maka an fassara da harshen da kake ji kafin ka dangwala. Je da ɗanka ko wani amintacce mai karatu. Ku da kuka kai wannan babi, ku karanta lambar ƙara da adadin kuɗi da kanku.

Sau ɗaya kuma: an biya, sai me? Takarda daga mai bin bashi. Sai me? Umarnin kotu mai hatimi. Sai me? Ofishin filaye.

Darasi na 4: Kammala ciniki

Takardu uku sun cika, mai saye ya biya sauran kuɗi, a sa hannu a takardar sayarwa. Gidan da ke da satifiket na mallaka, wanda ake kira C of O, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya masa mai shi. Lauyan mai saye zai bi wannan. Gidan da ba shi da fayil a ofishin filaye, takarda ta farko da ta biyu suna nan wajibi. Yi kwafi bibbiyu, ba mai saye ɗaya, adana ɗaya a leda.

Darasi na 5: Idan kuɗin gida bai kai bashi ba

Roƙi kotu ta yarda ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, ko ka nemi sulhu a rubuce. In an riga an yi gwanjo kuma an saɓa ƙa'ida, kwana 21 gare ka ka kai kuka kotu. Je ka ga lauya da wuri.

Darasi na 6: Aikin gida

Rubuta 5,600,000 da kalmomi. Rubuta sunayen takardu uku ba tare da duba littafi ba. A kawo ranar Asabar.