Gashaka-Gumti daga Katsina: yadda za ka shirya hawan Chappal Waddi

Jama'a duk mai sha'awar ganin daji na gaske da duwatsu masu taɓo gajimare ba sai ya nemi biza ba, a nan Najeriya akwai Gashaka-Gumti, gandun daji na ƙasa da ya fi kowanne girma, ya kwanta tsakanin Taraba da Adamawa a bakin iyakar Kamaru, an kafa shi a 1991 kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mita 2,419, babu inda ya kai shi tsawo a faɗin ƙasar nan. Mu kuwa a Katsina kusan mita 500 muke zaune a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, to ka ga dole jiki ya ji bambanci.

Lokacin zuwa shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris. Da damina kada ma ka soma, koguna na cika su tare hanya, ciyawa ta fi ka tsawo, ƙasa kuma santsi.

Hanya dai daga Katsina ko Daura ka faɗa Kano, ka bi ta Gombe, Numan, Jalingo, daga nan Bali sai Serti inda babban ofishin gandun yake. Tafiya ce mai nisa sosai, ka raba ta ka kwana a Gombe ko Jalingo, kuma don Allah ban da tafiyar dare. Kafin ka tashi ka tuntuɓi ofishin ka ji halin da hanya ke ciki da ɓangaren da aka buɗe wa baƙi, a can za ka biya kuɗin shiga su haɗa ka da ma'aikacin daji da zai raka ka. Wannan rakiyar wajibi ce kuma ni a ganina ita ce rabin tafiyar, don shi ya san inda bauna ke kiwo, shi ya san mashigin rafi, shi zai gaisa da Fulanin da ke zaune a kan tsaunukan da Fulatanci duk da dai Hausa ma tana ci a can. Ka riƙe katin shaida tunda bakin boda ne, ka riƙe tsabar kuɗi ma don in ka nutsa ciki ba sabis balle a yi maganar taransifa.

Yanzu ga inda mutanenmu suka fi yin sake, wato shirin jiki da na sanyi. Mutum ya saba daga gida sai kan mashin, daga mashin sai shago, kwatsam ya ce zai yini yana hawan tudu da jaka a baya, wallahi gwiwa ce za ta fara kuka tun kafin azahar. Ka ɗauki kamar wata guda kana tattaki da safe bayan asuba da jaka mai ɗan nauyi, in akwai bene kusa ka riƙa hawa kana sauka, kuma da takalmin da za ka je da shi ɗin za ka yi wannan atisayen. Sabon takalmi fil a kan dutse bororo kawai zai fito maka da shi a dunduniya. Kambas mai kauri mai riƙe ƙasa ake so, silifas ka bar shi na alwala.

Sanyi kuma, duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6, ga iska ba abin da ke tare ta a saman. Ka tuno asubar hunturu a Daura lokacin da ruwan buta ke cizon yatsu, to haka daren saman yake ko ya fi, alhali da rana a ƙasa gumi kake ta yi. Don haka ka zo da kaya hawa-hawa, singileti, riga mai dogon hannu, suwaita, jaket mai tare iska, hular sanyi, safa fiye da ɗaya, da bargo ko jakar barci. Rigar da ta jiƙe da gumi ka cire ta da zarar an yada zango, kada ka kwana da ita.

A wajen hawa ba tsere ake ba. Taku ƙanana, numfashi a hankali, kurɓar ruwa akai-akai ko ba ka ji ƙishi ba. In ka ji ciwon kai mai nacewa ko jiri ko tashin zuciya ka gaya wa ɗan rakiyarka nan take a tsaya, in bai lafa ba a sauko ƙasa. Mai hawan jini ko asma ko sikila ya fara ganin likita tun a gida. Ruwan rafi komai kyansa a ido ka tafasa shi. Guzuri kuwa namu na gida ya wadatar, kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da suga, gyaɗa, ganyen shayi, ba sa lalacewa kuma ba su da nauyi. Kai matafiyi ne, kasaru ta halatta maka, ka sa ƙaramar darduma a jaka.

Namun daji kuma mu faɗa wa juna gaskiya, nan ba gidan zu ba ne da za ka tarar da kowa a keji yana jiranka. Akwai bauna, gwanki, mazo, gada, mugun dawa, birai iri-iri har da baƙin nan mai farin gashi da doguwar jela, dorina a kogin Kam, tsuntsaye ɗaruruwa, sannan akwai cimfanzi, babban birin nan marar jela, wanda shi ya fi fito da sunan wurin a duniya, masu bincike sun daɗe suna nazarinsa a wajen Kwano da ke cikin gandun. Amma sai ka yi sammako ko ka jira la'asar sakaliya, ka yi shiru, ka kashe ƙarar waya. Wani lokacin abin da za ka samu shi ne sawun bauna ɗanye a taɓo, ko sheƙar ganye da cimfanzi ya lanƙwasa rassa ya kwana a ciki can saman bishiya, ko ihunsu daga tsallaken kwari da sassafe, ni kam wannan ihun ya fi min hoto ɗari. Kada ka miƙa wa biri abinci, kada ka matsa kusa da dorina ko ka tsaya tsakaninta da ruwa. Kaya baƙaƙe da shuɗi suna jan ƙudan tsando, ka sa ruwan ƙasa ko kaki, ka shafa maganin sauro, da dare ka duba jikinka saboda kaska.

Abin da nake roƙo shi ne leda da robar ruwa, duk abin da ka shiga da shi ka fito da shi, wutar da kuka hura kuma a kashe ta da ruwa kafin a tashi don ciyawar rani ba ta da wuyar kamawa. Masu ɗaukar maka kaya ku yi ciniki tun kafin a ɗaga, in an sauko ka sallame su da kyau. In kuma da sauran kwana a hannunka, daga Serti hanyar ce ke hawa tsaunin Mambila har Gembu, ka leƙa ka ga gonakin shayi.