Yadda Za a Gane Tari da Zazzaɓin Yaro Na Buƙatar Likita

Yawancin tarin yara mura ce mai wucewa da kanta, don haka numfashi ne ya kamata a fi sa wa ido. A ɗaga rigar yaron yana natse, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif. Idan ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa yayin shaƙar iska, ana zargin ciwon huhu, sai a garzaya asibiti. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, zafin jiki na digiri 38 kaɗai ya isa a kai shi asibiti. Jijjiga da ƙin shan nono ba sa jiran wayewar gari.